'Yan Kunnen Iya Sun Je Damagaram Sun Dawo

Wata 'yar ƙara ce ta tayar da tafiyar nan, kacau-kacau, daga ƙuryar ɗakina. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ta, na ajiye rariya na leƙa. Ummi ce, 'yata mai shekara huɗu, ta buɗe kwallar ƙarshe ta jerena, ta zaro wani ɗan gwangwanin man shafawa tana kaɗawa a gefen kunnenta tana dariya.

Tun da na dawo daga Damagaram, matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba. A bakin famfo, a gidan suna, har a sahun salla sai an taɓo ni: "Maman Ummi, wai da gaske ne abin da aka ce ya faru a can?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

A cikin gwangwanin nan 'yan kunnen zinari ne na mahaifiyata, Iya, Allah Ya jiƙan ta. Rabon da a gan su a kunnen mutum tun ranar da ɗana na fari ya rasu. Watansa goma sha ɗaya, zazzaɓi ya kama shi, na saɓa shi na ruga asibiti hannu rabbana. Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, na ga idonta. Kabad ɗinta ne babu komai. Ta rubuta mana takarda: kati, safar hannu, allura, ruwan ƙari, a sayo a kawo. Iya ta cire 'yan kunnen nan a tsaye ta damƙa wa maigidana, Malam, ya nufi kasuwa. Bai gama ciniki ba aka bi shi aka ce ya dawo. Na san kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma yaron nan ko sunansa ban taɓa kira ba saboda kunyar ɗan fari, kullum ina cewa akwai lokaci.

Iya ba ta sake sa su ba. Da za ta bar mini, ta ce, "Waɗannan ba na kwalliya ba ne, na ranar asibiti ne. Kuma ki sayar tukuna kafin ki taka ƙofar." Har Ummi, da ta ci sunanta, ta haddace maganar. Ina karɓe gwangwanin daga hannunta ta ce, "Na ranar asibiti ne ko?"

Da na riƙe shi sai ɗaya wasiyyar ta faɗo mini. Iya 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ta Daura, kuma ta bar ƙanwa a can, Inna Hure, wadda ban taɓa gani ba. Ta ce ko sau ɗaya ne in kai mata jikarta. Na yi wa Malam magana, ya ce in yayana Sale zai tafi sayen dabbobi in bi shi. Na ƙulle gwangwanin a bakin zanena na ciki, don ba a tafiya da yaro ba tare da shi ba.

Mun tashi da kaka, ana yankan gero. A tasha aka zuba mu mata a baya kamar yadda aka saba tun zuwan shari'a, Yaya Sale yana gaba yana musu da direba a kan farashin raguna. Kafin Ummi ta gama cin ƙosanta mun isa Kongolam. Na yi mamakin kusancin. Duk rayuwata ina jin Nijar kamar wani wuri ne bayan gajimare, ashe ko furar da aka dama a gida ba za ta tsinke ba kafin a kai iyaka.

A Ɗan Barto, ɓangarensu, wani jandarma dogo siriri ya karɓi katina ya juya shi sama da ƙasa. Ummi ta leƙo daga cikin hijabina ta ce masa, "Kai ba ka cin tuwo ne?"

Yaya Sale ya ce, "Innalillahi, yarinyar nan za ta sa a kwana da mu a nan."

Jandarman ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ina ci, Hajiya ƙarama, ba ya zama ne. Ku wuce, Allah Ya kai lahiya."

Daga nan hanya ta miƙe, Matamaye, Kance, ni ina gyangyaɗi ina farkawa. Duk garin da muka ratsa sai in ga wata mata da tulu a ka, tafiyarta irin ta Iya, in waiga har ta ɓace. Na ga wani a kan babur ya ɗaure itatuwa a baya, na ce wa ta kusa da ni makamashi ya yi arha a nan. Ta ce, "Burodi ne, 'yar'uwa." Dogaye, tsirara, ko leda babu. Daga baya na ci, ɓawon sai da ya kankare mini dasashi, amma cikinsa laushi kamar auduga.

Inna Hure tana Birni, tsohuwar unguwa, a wani lungu da ya bi ta gindin manyan duwatsu. Ta fito tana dogara sanda, ta dube ni, sai ta kama fuskata da hannu biyu ta kira sunan Iya. Muryar ɗaya ce. Na rufe ido na bar ta ta yi ta magana, ban ma saurari me take cewa ba. Yaya Sale ya gaisa ya wuce kasuwannin ƙauye, ya ce sai bayan mako.

Ɗaki ɗaya gare ta, da akuya ɗaya, da bishiyar zogale ɗaya. 'Ya'yanta sun watsu neman abinci. Ruwa kuwa a garin nan kamar turare ake riritawa. Ranar farko na cika buta na yi alwala yadda na saba, na ɗago na ga Inna tana bin ruwan da ido har ya shige ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da la'asar sai na tarar ta ajiye kwano a wurin, duk wanda ya yi alwala ruwan ya taru a kai wa zogale. Har yau haka nake yi a gidana.

Ta shayar da mu fura mai nono da yawa, ta yi mana dambun zogale. Maƙwabta suka yi ta aiko da alkaki, da wani busasshen cuku mai faɗi kamar takarda da ake tsomawa a shayi. Shayin nasu a ɗan kofin gilashi, zagaye uku, kuma in kin tashi bayan na farko kin yi rashin ladabi. Na farkon ɗaci kamar maɗaci. Na shanye ina murmushi, idona yana hawaye, matan suna ta dariya suna cewa 'yan Najeriya sai madara.

Kwana na huɗu Ummi ta tashi jikinta da ɗumi, ta ƙi fura. Na ce gajiyar hanya ce. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa can wata unguwa, ta ce sai azahar. Hantsi bai gama ɗagawa ba jikin ya zama garwashi, ta yi amai, sannan na ga idanunta sun kafe sama, yatsunta suna fizga. Na san wannan. Na taɓa ganin sa sau ɗaya.

A nan na yi wautar da nake so ku ji da kyau. Ban kira maƙwabta ba. Na san in labari ya kai wa Inna, akuyar nan ɗaya za ta kama ta kai kasuwa, ni kuwa baƙuwa ba zan zo in kwashe wa tsohuwa abin hannunta ba. Ban kuma tambayi hanyar asibiti ba. Na goya Ummi, na rufa hijabi, na fita lungu ina tambayar mutane, "Don Allah ina masu sayen zinari?" Ku da kuke karantawa, kar wadda ta ce da ita ce ba za ta yi haka ba. Haka aka koya mana, haka kuma muka gani da idonmu.

Tafiyar nan ban san tsawonta ba. Rana ta yi fari, duwatsun kamar suna numfashi, zafin Ummi yana ratsa bayana har ƙirji. Ina ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Gwangwanin yana kacau-kacau a ƙuguna, ni kuma ina bin sautin da salati. Wani ya nuna mini nan, wata ta nuna mini can, har na isa wata 'yar rumfa a gefen kasuwa, inda wani dattijon Buzu maƙeri yake zaune, rawani ya rufe masa baki, yana hura wuta a kasko.

Na durƙusa na zazzage masa su a tafin hannu. Na ce, "Baba, ko nawa ne ka ba ni. Sauri nake."

Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske. Ya ce, "Aikin garin nan ne wannan, tsohon hannu. Mai irin wannan ba ta sayarwa sai da dalili." Sai Ummi ta yi wani nishi a bayana. Ya miƙo hannu ya taɓa tafin ƙafarta da ya leƙo, ya janye kamar ya taɓa kaskonsa.

"Shekarunta nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu! To me ya kawo ki wurina, baiwar Allah? Ni na yi miki kama da likita?"

Na ce, "Baba, sai na sayar zan sami na kati da na allura."

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcinsa mai ɗinkin takalma. Ya ce, "Daga Najeriya take." Yadda ya faɗa, kamar ya ce marainiya ce. Ya mayar da 'yan kunnen cikin gwangwani, ya danna murfin, ya cusa mini a hannu. "Yaron da bai kai biyar ba ba a karɓar komai a kansa. Kin ɓata rabin safiya kina yawo da wuta a baya. Tashi!"

Na ce, "Ka dai saya, ko da za a ce..."

"Wallahi ko kyauta kika ba ni ba na so. Kabu-kabu! Kai, zo nan!"

Haka suke kiran ɗan acaɓa. Ni da na yi shekaru ban hau bayan babur ɗin wani namiji ba, Allah Ya yafe mini, ko tunawa ban yi ba. Dattijon ya bar wutarsa tana ci, ya hau wani ya biyo mu.

Ko a ƙofar asibitin ban daina wauta ba. Na tsaya ina waige-waige ina neman tagar yankan kati da kantin da zan sayo safar hannu. Wata mata ƙaƙƙarfa cikin farar riga, shugabar ma'aikatan wurin da suke ce wa Majo, ta hango mu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance goyon da kanta, ta rungumi Ummi ta yi ciki da gudu, ni ina bin ta ina cewa, "Ban biya ba, ban biya ba tukuna." Ta waigo ta ce, "Madam, ki riƙe mini ƙafarta, ki bar surutu."

Aka ɗebi jini a yatsa, aka yi allura, aka rataya ruwa. Duk daga kabad ɗinsu. Na zauna ina kallon ɗigon ruwan nan yana sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah Shi ne shaida, a gadon nan yara biyu nake gani, ita da wanda ya tafi. Na sunkuya na kira sunansa a hankali, karo na farko a rayuwata. Wajen la'asar Ummi ta buɗe ido ta ce tana son alkaki. Da na waiwaya in yi wa dattijon godiya, aka ce tun da ya ga an sa ruwa ya koma, wai kar rumfarsa ta ƙone.

Inna Hure ta iso tana haki, ta ɗaga sandarta kamar za ta maka mini. "Ni za ki yi wa kara? Ni? Da kin buɗe baki ko yaran lungu sun faɗa miki!" Sai ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, na taya ta.

Kwana biyu muka yi. Washegari da rana, da aiki ya lafa, na sami Majo a baranda, na ce mata har yanzu jikina bai yarda ba, ina jiran a kawo mini takardar biya. Na ce ni ban saba cin sadaka ba.

Ta ce, "Wa ya ce miki sadaka ce? An riga an biya. Duk yaron da muka duba mukan rubuta mu aika wa gwamnati, ita ke biya daga harajin kowa. Mai shanu ya zuba, mai kanti ya zuba. Aljihu ɗaya muke tambaya, ba uwa ba."

Na ce, "Amma ni baƙuwa ce."

Ta ce, "Sauron da ya cije ta ya tsaya a Ɗan Barto ya nuna takarda?"

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce biyan yakan yi jinkiri, wani lokaci har kabad ya bushe, su ma su rubuta a je a sayo, ranar nan ba ta iya haɗa ido da iyaye. Ta ce na taki sa'a an kawo kaya kwanan nan. Inna ma ta ce maganin hawan jininta da kuɗinta take saye, wani watan ta sha, wani watan ta haƙura. Kar ku ɗauka aljanna na je.

Muna cikin haka wata mata ta shigo daga ƙauye da yarinya doguwa, zazzaɓi ya galabaitar da ita. Majo ta tambayi shekaru. Matar ta ce, "Huɗu da rabi."

Majo ta ce, "Huɗu da rabi da wannan giɓin? Haƙoran gaba duk sun zube. Ke 'yammata, ɗora hannunki bisa kai ki kamo wancan kunnen."

Yarinyar, baiwar Allah, ta ɗora hannu ta kama kunnen caraf, har da murmushi don ta ga ta iya, ba ta san duk yaron da hannunsa ya kai an ɗauka ya cika biyar ba. Ɗakin ya ɗauki dariya. Uwar ba ta yi ba. Na ga yatsunta sun tafi bakin zanenta suna laluben ƙulli, na gane yatsun nan kamar nawa. Majo ta sa wa yarinyar ruwa tukuna, sannan ta rubuta wa uwar takardar biya. Wata tsohuwa ta cire ɗankwalinta ta zagaya gadaje, kowa ta jefa abin da ta samu. Ummi tana kwance tana kallon komai, ta ɗora hannunta a ka tana gwadawa.

A motar dawowa na jingina da taga, tsakanin barci da ido biyu, ina ta saƙa. Zazzaɓin yarinyar nan da na Ummi iri ɗaya ne, shekara ɗaya ko biyu ce kawai ta raba su. Me ya sa za a ja layi a biyar? Me ya sa Inna za ta tsallake wata guda ba magani? Sai na riƙa ganin wata babbar tukunya a tsakiyar gari, kowa yana zuwa yana zuba gwargwadon ƙarfinsa tun yana lafiya, asibiti kuma ita kaɗai yake miƙa wa hannu. Jariri da tsoho, mai rawani da mai tallan goro, ƙofa ɗaya. Ba wadda za ta goya wuta ta nufi kasuwa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A unguwarmu in mutum ya rasu, wa ya taɓa cewa a kawo kuɗi kafin a haƙa kabari? Kafin a gama wanka matasa sun tafi da diga, wani ya kawo likkafani, wani ya kawo itace, ba a tambayi gidan ko suna da shi ba. Ranar da ɗana ya rasu haka aka yi mana, cikin sa'a guda komai ya haɗu. Mutanen da suka haɗa masa likkafani cikin sa'a guda, da akwai inda suka riga suka zuba, da sun haɗa masa ruwan ƙari. Tun da aka kawo shari'a muke jin wa'azin zakka da baitulmali. Ni a ɗan karatuna, ban ga abin da ya fi cancanta da baitulmali kamar numfashin mai rai ba.

Na faɗa wa Malam haka da muka iso. Shi ne fa ya yi gudun nan zuwa kasuwa, bai kuma taɓa maganarsa ba. Ya ce, "To wa zai riƙe tukunyar? Kin san halinmu."

Na ce ban sani ba. Na ce amma ɓarayi ba su sa mun daina gina makaranta ko haƙa rijiyar gari ba, sa ido ake yi. In tukunya ɗaya ce, idon gari duka yana kanta. Yanzu kuwa kowace mace da ɗan gwangwaninta a ƙarƙashin kwalla, in ya ƙare ba mai ji. Ya ce, "Allah Ya nuna mana." Na ce amin, kuma da gaske nake. Duk mai zuwa neman ƙuri'ata daga yau, tambayar da zan aika masa ke nan ta bakin Malam.

Da na gama kwance kaya, na kunce gwangwanin daga bakin zane. Na buɗe na dube su. Sun je garinsu sun dawo, ba wanda ya karɓa. Na ɗan kara ɗaya a kunnena a gaban madubi, na ga Iya, na sauke. Nan Daura ce, ranar asibiti ba ta wuce ba. Na buɗe kwalla zan mayar.

Ummi tana bakin ƙofa, ta rame amma idonta ya dawo. Ita ba ta san cewa da Babbar Salla za ta cika shekara biyar ba. Ta ɗora hannun dama bisa kanta, ta karkatar da wuya gefe don kar ya kai, amma ina ganin ɗan yatsanta na tsakiya ya kusa shafar saman kunnen.

Ta ce, "Mama, ki sa abinki mana. In na sake ciwo sai mu koma can. Duba, hannuna bai kai ba tukuna."